Tsohon Filash Ɗina da Shagon Yaya Rabi

Ba zan faɗi sunana ba, don ba abin da zai ƙare ku da shi. Ni haifaffen Anka ne, ɗan manomi, kuma kafin a fara nuna ni da baki, ni ne yaron da unguwa take cewa Allah Ya ba shi kai. Tun ina sakandare nake kwance rediyon Baba in mayar, wani lokaci har da ragowar kusoshi. Da na gama aka kai ni Gusau wajen wani mai gyaran kwamfuta, na yi shekara biyu ina koyo. Na dawo gida da tsohuwar laftof, da sukudireba uku, da wani jan filash da maigidana ya cika mini da manhajoji. Daga ranar sunana ya ɓace, kowa sai Injiniya. Ni kuwa da rashin kunya na amsa.

Aiki ya samu. Daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, duk inda akwai kwamfuta, shagon buga takardu ne ko makarantar kuɗi ko kantin magani, ni ake kira. In na je sai in wanke na'urar tas, in soka jan filash ɗina, in zuba mata abin da ke ciki. Abu ɗaya nake zuba wa kowa shekara da shekaru, ban taɓa sauya ko guda ba. Kuma duk wanda na yi wa aiki, maganarsa ta ƙarshe ba ta wuce, "Injiniya, kashe min abin ga da ka shanye data." Afdet suke nufi, wato sabuntawar da masu manhaja ke aikowa don toshe kurakuran da aka gano. A wajenmu ba a ɗauke ta gyara ba, ɓarauniyar data aka ɗauke ta. Mutum ya sha wahala ya samu sabis, ya sayi 'yar datar da zai tura takarda guda, sai na'ura ta kama wani juye-juye ta shanye. Sai in kashe musu, su yi ta sa mini albarka. Yau in na tuna albarkar nan raina ɓaci yake yi.

A cikin filash ɗin akwai wata 'yar manhaja da ba wanda ya damu da ita. Aikinta ta ɗaure fayiloli da yawa ta matse su wuri guda, abin da muke kira zif, sannan ta kwance maka idan an aiko maka da shi. Duk mai kwamfuta yana amfani da ita, amma ba wanda ya taɓa tambayar shekarunta. Ita kuma ba ta sabunta kanta, sai ka je da kanka ka sauko da sabuwa. Wadda nake rabawa ta girmi wasu kwamfutocin da nake sa wa ita.

Wadda ta fara ba ni aiki ita ce Yaya Rabi. Ba uwarmu ɗaya ba, katanga ce ta haɗa gidajenmu, amma na tashi ina kiranta Yaya, tana kirana ƙanenta. Tana da shagon buga takardu kusa da kasuwa. Akwai wasu shaguna a garin, har da waɗanda suka fi nata kayan aiki, amma duk mai takardar da ba ya son a ji, wajenta yake zuwa. Tana da tsarinta. In maganar sirri ce, sai ta sallami kowa, ta juya fuskar kwamfuta wajen bango. In firinta ta ɓata takarda, ba ta jefa ta a kwando. Tana da wani kasko a bakin ƙofa, a nan za ta ƙone ta a gaban mai ita, ta murje tokar da sanda. Takardun gado, na sulhu, na koke, duk sun bi ta hannunta, ba a taɓa jin kalma ɗaya a waje ba. Abin da take taƙama da shi ke nan, kuma shi ke ciyar da ita.

Ni kuwa tun a lokacin hannuna ya fara ƙaiƙayi. Ba da sata na fara ba, da leƙe na fara. A kawo mini laftof gyara, in na gama sai in buɗe hotunan mutum in kalla. Daga kallo sai kwafa. Daga hotuna sai wasiƙu. Na san wanda ke neman aure a ɓoye, na san wanda aka ba takardar gargaɗi a wajen aiki. Ban yi komai da su ba, amma in na gamu da mutum a hanya ya gaishe ni, sai in ji wani daɗi a raina, na san abin da bai san na sani ba. Ina ce wa kaina ai ban cuci kowa ba. Ƙarya nake yi, kuma na san ƙarya nake yi.

Sai aka jefa ni wani gurup a waya, na samari masu ji da kansu a harkar kwamfuta. A nan na ji labarin ɓarakar da ke cikin tsohuwar manhajar zif. Ashe ana iya haɗa zif na mugunta, wanda idan mutum ya kwance shi zai ga abin da aka ce masa yana ciki, hoto ko takarda, amma a bayan fage wani abu ya sulale ya kwanta a inda ba a sa shi ba. Da zarar an kashe na'ura an kunna, sai ya farka ya fara kwashe takardu yana aika wa wanda ya turo shi. Kamar a kawo maka damin gero ka sa a rumbu da hannunka, ashe akwai ɓera a ciki. Masu manhajar sun daɗe da gano kuskuren, sun gyara, sun saki sabuwa, ba sa neman komai a hannun kowa. Duk wanda ya sabunta ya tsira.

Nan take na yi lissafi. Kowace kwamfuta daga Anka zuwa Gummi tsohuwar ce a kanta, kuma ni na sa musu. Mutumin kirki a ranar zai hau mota ya bi shago-shago yana sauyawa. Ni dariya na yi.

Na fara da wata makarantar kuɗi a Gummi. Na tura wa sakatarensu zif na ce sabon tsarin katin sakamako ne, ya buɗe ya yi godiya. Bayan kwana biyu tambayoyin jarrabawarsu suna hannuna, na sayar wa 'yan ajin ƙarshe. Ba wanda ya gane. Daga nan tsoro ya fita daga idona.

A cikin wannan lokacin ne Yaya Rabi ta kira ni wata rana da hantsi. Ta ce, "Ƙanena, wani ma'aikacin lahiya yaz zo buga takarda, yac ce wai abin buɗe zif ɗin ga nawa ya tsuhwa ƙwarai, akwai sabo. In sauke?"

Na ce, "Yaya, kak ki taɓa. Mutanen ga iyayi gare su. Data kawai za ki ƙonawa."

Ta ce, "To, tunda kai kac ce."

Wallahi a ranar ba ni da niyyar yi mata komai. Amma na san abin da na hana ta. Na bar ƙofarta a buɗe ne don wata rana, ko da zan buƙata. Wane irin ɗan iska ne ke yi wa yayarsa haka? Irina.

Ranar kuwa ta zo. Duk ɗan ƙasar Anka ya san abin da gubar dalma ta yi wa ƙauyukanmu, lokacin da ake kawo duwatsun zinari cikin gidaje ana niƙawa, yara suna shaƙar ƙurar suna mutuwa. An hana, an kwashe ƙasar gidaje, an ce niƙa sai bayan gari. To, a wani ƙauye da ke bayan ƙauyen Sunke sai wani dillalin zinari, wanda zan kira Alhaji kawai, ya mai da injinansa cikin gari a ɓoye, wai daji ba tsaro. Wani dattijo, Malam Umaru, wanda ya binne 'ya'ya biyu a wancan karon, ya tara mutum shida suka shirya kai koke ga hukuma. Suka zo wajen Yaya Rabi ta buga musu, da sunayensu a ƙasa. Ta ajiye takardar a kwamfuta don sun ce za su dawo da ƙarin mutum biyu ranar kasuwa.

Alhaji ya ji ƙishin-ƙishin ana shirya masa takarda, amma bai san su wa ba. Ya fara aika mutum wajen Yaya Rabi, ta kore shi har bakin titi tana faɗa. Sai ya aiko aka kira ni. Ya zaunar da ni a kan darduma, ya sa aka kawo mini fura mai sanyi. Ya ce, "Injiniya, an ce kai ad da mabuɗin kowace kwamfuta ta garin ga. Sunaye ɗai nika so. Ba taɓa kowa za ni yi ba, lallashinsu za ni yi." Ya nuna mini wani sabon babur a zaure, ko leda ba a cire masa ba.

Na san ba lallashi zai yi ba. Yaro ma ya sani. Amma babur nake kallo.

Yaya Rabi ta daɗe tana roƙona in samo mata sababbin zanen katin ɗaurin aure, don nata sun tsufa, amare suna rainawa. Na haɗa mata guda goma masu kyau, na ɗaure su a zif tare da abin da na sani, na tura mata daga Bukkuyum inda na je wani aiki. Ba a jima ba ta kira tana murna. Ta ce, "Allah Shi yi maka albarka, ƙanena, wallahi sun yi kyau." Washegari da ta kunna na'ura, takardar Malam Umaru ta sauka a laftof ɗina. Kafin la'asar tana hannun Alhaji, ni kuma ina kan babur ina zaga gari.

Ba a kai ranar kasuwa ba. Yaran Alhaji suka bi mutanen nan bakwai gida-gida, da takardar a hannu suna karanto wa kowa sunansa. Shida suka janye. Malam Umaru ya ƙi, aka tare shi a hanyar gona aka karya masa hannu, aka cinna wa rumbunsa wuta. Da ya fita daga asibiti ya kwashi iyalinsa ya koma Gummi wajen dangi. Koken bai je ko'ina ba, injinan kuma suka ci gaba da aiki.

Takardar da yaran suka nuna irin bugun Yaya Rabi ce sak, har da ɗan layin da take ja a ƙasan kowace takarda. Wa za a zarga? Kafin mako ya zagayo magana ta cika Anka, wai Rabi ta sayar da talakawa ga Alhajin zinari, korar da ta yi wa ɗan aikensa ma wasan kwaikwayo ne. Ta kira ni shago, idonta ya kumbura don kuka, mijinta yana tsaye a gefe. Ta ce, "Ƙanena, duba min na'urag ga don Allah. Ko akwai yadda za a yi takarda ta hita ba da sanina ba?" Na zauna na yi 'yan danne-danne, na goge abin da na dasa a gaban idonsu, su kuwa suna zaton bincike nake. Na ɗago kai na ce, "Yaya, na'urarki lafiya lau take. Sai dai in wani ya shigo."

Ba wanda ke shiga, kuma kowa ya sani. Da wannan kalmar na rufe mata hanya ta ƙarshe da za ta kare kanta.

Mutane suka ɗauke ƙafa. Ba masu sirri kaɗai ba, har masu katin biki. Wata mata ta tsaya a ƙofar shagon ta tofa yawu. A gidan suna, in ta zauna sai a matsa. Mijinta ya daina zama a majalisarsu bayan sallar la'asar. Ba ta kai wata biyar ba ta sayar da firinta ta rufe shagon. Ni ne ma na samo mata mai saye. Kullum da safe in fito da babur ɗina, in gaishe ta a ƙofar gida, ta amsa da "Ƙanena, a dawo lahiya." Shekara guda cur ina yin haka, abinci kuma yana wuce mini ba tare da ya sarƙe ni ba.

Ba tuba ce ta tsayar da ni ba, kama ni aka yi. Makarantar nan ta Gummi ta gaji da fitar tambayoyinta. Mai makarantar yana da ƙane da ke aikin tsaron kwamfuta a Sakkwato, ya zo hutun salla, ya duba na'urar. Bai yi awa ɗaya ba ya gano abin da kuma inda yake aika takardu. An ce da ya ga shekarun manhajar zif ɗin sai da ya riƙe baki. 'Yan sanda suka ɗauke ni a tashar Bukkuyum da rana tsaka, a gaban masu shayi da 'yan acaɓa da ke kirana Injiniya. A laftof ɗina suka tarar da folda-folda, kowace da sunan shagon da na kwashe.

Suka kira masu shagunan, har da Yaya Rabi. Aka nuna mata takardar Malam Umaru a cikin foldar da na rubuta wa sunanta. Ta daɗe tana kallo. Ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, "Ashe shi yas sa kac ce kar in taɓa." Ta ja mayafinta ta fita.

Inna, mahaifiyata, ta zo da yamma, ta tsaya a bayan kantar 'yan sanda ba ta ko zauna ba. Ta ce, "Mi Rabi tay yi maka? Ita tag goye ka sadda nika kwance ba lahiya."

Na faɗi komai, har da sunan Alhaji da babur. An rubuta. Amma a kotu maganar makaranta da sauran shaguna aka yi. Mutanen ƙauyen ba wanda ya yarda ya zo shaida, kuma ban ga laifinsu ba. Aka yanke mini shekara uku. Alhaji ko ofishin 'yan sanda bai taka ba. Ina gidan yari na ji ya ƙara injina. Wannan abu ya ci mini rai, na kwana biyu ina tsine masa, sai wani tsoho da muke ɗaki ɗaya ya ce mini, "Shi ya biɗa, kai ka kai mishi. Tsine ma kanka tukuna." Ban sake ɗaga murya ba.

Gidan yari ba wurin da zan yi muku dogon bayani ba ne. Akwai ƙazuwa, akwai yunwa, akwai zafi. Amma abin da ya fi damuna shi ne lissafin kwamfutocin da na bari a buɗe a garuruwa uku, waɗanda ko ba ni, duk wani ɗan gurup zai iya shiga. A can na koma ga salla, na roƙi Allah gafara, na kuma gane cewa haƙƙin mutane sai su suka yafe.

Da na fito, kafin in sha ruwa a gidanmu na shiga gidan Yaya Rabi. Na same ta a tsakar gida a kan keken ɗinki. Na durƙusa. Ta ce, "Na yahe maka don Allah, tun kana ciki. Amma yahewata ba ta wanke ni ba. Tahi Gummi ka hwaɗa ma Malam Umaru da bakinka."

Na tafi. Na same shi a bakin kasuwa yana sayar da igiya, hannun da aka karya ya ɗore a karkace. Na zauna a ƙasa na zayyana masa komai, filash, zif, katin ɗaurin aure. Ya saurara har na gama. Sai ya ce, "Yaro, kac ce ba ka shiga shagon ba?"

Na ce ban shiga ba.

"Ba ka taɓa takarda ba?"

Na ce ina Bukkuyum ma a ranar.

Ya ce, "To aljani ka aika? Ni hannunta na ba magana, ba hannunka ba." Ya ƙura mini ido. "Wa ya turo ka nan?"

Na yi niyyar na daina ƙarya, don haka na ce ita ta ce in zo.

Ya ce, "To, ka ji. Turo ka tay yi ka wanke ta." Ya juya ga mai sayen igiya.

Na dawo Anka ina kuka a mota kamar an yi mini rasuwa. Na bi sauran mutum shidan, biyu suka ƙi ganina, huɗu suka ce sun ji, amma na ga idonsu. Ƙaryar da na yi cikin minti biyar kowa ya gane ta. Gaskiyar kuwa sai an yi bayanin manhaja, su kuma ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba.

Saboda haka ku samari, musamman ku da ke cikin gurup-gurup kuna kiran juna gwanaye, ku saurare ni. Ba wata gwaninta a cikin abin da na yi. Ramin da wasu suka gano, masu shi suka riga suka toshe, shi na bi na cuci matar da ta yarda da ni. Wannan ba ilimi ba ne, cin amana ne, kuma daga leƙen hoton mutane yake farawa. In ka ga hannunka ya kai ga foldar da ba taka ba, janye shi tun yau.

Ku kuma masu shaguna da ofisoshi, haushinku ma ina ji. Har yanzu ina wucewa ina jin kuna cewa a kashe muku afdet. Ku bar na'ura ta sabunta, ko da datar mako za ta ci. Manhajar zif da ire-irenta da ba sa sabunta kansu, ku je shafin masu su ku sauko da sababbi, kada ku karɓa daga filash ɗin kowane injiniya. Zif ɗin da ya zo muku, ko daga ƙanenku ne, kada ku kwance shi da tsohuwar manhaja. In kuma wani ya ce muku kayanku sun tsufa, mai gyaranku ya ce ku rabu da shi, ku tambaye shi dalili, ku kalli idonsa sosai. Abokan sana'ata da ke yawo da filash ɗin da suka gada daga iyayen gidansu, ku ji tsoron Allah, mutane sirrinsu suke miƙa muku.

Rabi ba shi ne sunanta na gaskiya ba, amma mutanen Anka sun san wadda nake nufi. Ku da kuka iya karatu kuka kuma san kwamfuta, ina roƙonku ku zauna da iyayenku ku yi musu bayanin nan, wataƙila daga bakinku su yarda. Ni ku zage ni yadda kuke so, na cancanta. Amma matar nan ba ta taɓa sayar da sunan kowa ba. Ni na sayar, na yi shekara uku na fito, ita kuwa har yau in ta shiga gidan biki matsawa ake yi.